Maganin Kitsen Jini Ba Na Wata Ɗaya Ba Ne

A Zuru da ƙauyukanta, daga Dabai zuwa Senchi, na lura da yadda ake jinyar mai shanyewar ɓarin jiki. Dangi kan tsaya tsayin daka a makonnin farko, su sayi duk abin da likita ya rubuta. Da zarar majinyaci ya fara taka ƙafa, maganin da ake fara ajiyewa shi ne na rage kitsen jini, wato sitatin. Hujjarsu ita ce, mutumin da ya rame, wane kitse za a rage masa? Wannan fahimta tana jefa rayuka cikin haɗari.

Kitsen da ake nufi ba na teɓa ba ne. Kolestirol ne, wanda hanta ke sarrafa mafi yawansa. Idan ya taru a bangon jijiya, fararen ƙwayoyin jini kan yi masa caa, wurin ya kumbura kamar maruru. Ranar da ya fashe, jini ya daskare a kansa, hanya ta toshe, wani sashe na ƙwaƙwalwa ya mutu. Sitatin, wanda masanin Japan Akira Endo ya gano asalinsa a jikin fumfuna a shekarun 1970, yana rage kolestirol ɗin da hanta ke samarwa, yana kuma kwantar da wannan kumburi, fatar marurun ta yi ƙwari.

A 2008 aka wallafa binciken JUPITER kan mutum 17,802 waɗanda kolestirol ɗinsu bai yi yawa ba, amma sinadarin CRP mai nuna kumburi ya hau a jininsu. Maganin ya rage CRP da kashi 37 cikin ɗari, shanyewar jiki kuma ta ragu da kusan rabi. Kafin nan, a 2006, binciken SPARCL ya bi mutum 4,731 da cutar ko alamarta ta taɓa kamawa, na kusan shekara 5. Masu shan maganin sun sami ragin kashi 16 cikin ɗari na sake kamuwa.

Amma akwai sharaɗi. Shanyewar jiki iri biyu ce: ta toshewar jijiya da ta fashewarta. A SPARCL, zubar jini a ƙwaƙwalwa ta ɗan ƙaru ga masu shan maganin. Binciken SIREN na Najeriya da Gana, wanda asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suka shiga, ya nuna kusan ɗaya cikin uku na majinyatanmu fashewar jijiya ce ta same su, kuma hawan jini ne babban musabbabi. Hoton ƙwaƙwalwa ne ke rarrabewa, ko da samunsa zai kai mutum Birnin Kebbi ko Sakkwato. Don haka ba magani ba ne da za a saya a kemis bisa shawarar maƙwabci.

Kirana ga iyalai shi ne, idan likita ya rubuta shi, a riƙe shi tare da maganin hawan jini, ko da majinyaci ya koma gona. Idan ciwon tsoka ya taso, a koma asibiti a canza, kada a daina a ɓoye. Gwamnatin Kebbi kuwa ta tabbatar yana cikin magungunan inshorar lafiyar jiha, domin tsada ce ke sa da yawa su haƙura. Kuɗin ƙwayar wata guda bai kai asarar magidanci da ya sake kwantawa a tsakiyar damina ba.