Maganin Gajiya da Illarsa ga Cikin Manomi

A yankin Funtuwa da Malumfashi, inda masara da dawa da auduga suke riƙe da gidaje da yawa, lokacin huɗa da noman firi da girbi shi ne lokacin da aka fi neman maganin ciwon jiki a kyamis da wurin 'yan tallar magani a kasuwannin ƙauye. Akasarin abin da ake bayarwa da sunan maganin gajiya dangin magungunan kashe zafi da kumburi ne, wato ibuprofen da diclofenac da piroxicam da asfirin, waɗanda sunayensu suka bambanta amma aikinsu ɗaya ne.

A shekarar 1971 masani ɗan Ingila, John Vane, ya gano cewa irin waɗannan magunguna suna hana jiki samar da sinadarin prostaglandin, wanda ke kawo zafi da kumburi, sai dai kuma shi ne yake sa tumbi ya fitar da majinar da ke kare bangonsa daga ruwan tsami mai narkar da abinci. Ke nan ɓarnar ta cikin jini take biyowa, don haka allura, wadda mutane da dama suka fi amincewa da ita, ba ta tsirar da ciki, haka ma cin abinci kafin a sha magani yana rage ƙwannafi da tashin zuciya ne kawai, ba ya toshe ƙofar gyambon ciki. Hatsarin ya fi yawa ga dattawa da masu tsohon gyambo, da kuma mai shan haɗi, wato ƙwayoyin da ake ƙullewa a leda babu suna, domin a ciki ana iya samun biyu daga dangi ɗaya, ko a haɗa da prednisolone.

Ga ciwon jiki na yau da kullum farasitamol ya fi sauƙi ga ciki, muddin baligi bai wuce giram 4 a yini ba, man shafawa na diclofenac kuma yana taimakon gwiwa ba tare da kaso mai yawa ya shiga jini ba. Wanda ciwon gaɓoɓi ya tilasta masa daɗewa yana shan magungunan kashe zafi da kumburi, likita yakan haɗa masa da omeprazole mai rage ruwan tsamin ciki. Bayan gida baƙi kamar kwalta, ko aman jini, ko jiri tare da ciwon ciki mai tsanani, alamu ne na zubar jini a ciki, waɗanda ke buƙatar a daina shan maganin nan take, a garzaya Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi.