Yadda Sanyi Ke Rage Inabi, Ya Kuma Ƙara Masa Daraja

A yankin Bordo na ƙasar Faransa inabi shi ne babban abin noma. Galibinsa matse shi ake yi a yi jar giya wadda Turawa ke saye da tsada. Babban abokin gabar manoman can shi ne sanyin watan Afrilu da Mayu, lokacin da itacen ke toho. Idan dare ya yi tsit, sama ta washe, raɓa takan daskare a kan tohon. Kafin hantsi ya yi baƙi kamar an babbake shi.

Itacen yakan sake wani tohon, amma 'ya'yansa kaɗan ne, kuma sukan makara wajen nuna. Daga nan sai abin da sauran shekarar ta kawo. A 1945 sanyi ya buge gonaki a farkon Mayu, a 1961 kuma a ƙarshensa. Duka shekarun biyu an sami rana sosai har lokacin girbi. 'Ya'yan da suka tsira sun sha abincin itacen su kaɗai, suka fito ƙanana, masu kaurin ɓawo da zaƙi. Giyar waɗannan shekaru tana cikin mafi daraja da Bordo ta taɓa yi. Manomin da ke rage gero a rami ya bar biyu ko uku ya san wannan dalili.

Amma fa ba kullum ake dacewa ba. A Afrilun 1991 sanyi ya ƙone toho, na biyu ya makara, ruwa kuma ya sauka lokacin girbi. Aka yi hasarar yawa, ingancin ma bai kai ba.

Saboda haka 'yan kasuwa ba su yanke kuɗi sai gwanayen ɗanɗano sun gwada. Gwani yakan zuba kaɗan a tambulan, ya karkata shi bisa farin ƙyalle ya dubi launi: ja mai duhu alamar ɓawo ya nuna. Sa'an nan ya shinshina. In ya ji warin ɗanyen ganye, watau an girbe inabin bai ƙosa ba. Daga baya ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar. Abin da yake nema shi ne tsami da bauri, irin baurin goro, su daidaita. Baurin nan daga ɓawo da ƙwallo yake fitowa, shi ne kuma ke sa giyar ta jure ajiya shekaru da yawa.

Duk da haka manomi ba ya maraba da sanyi, domin tsada ba ta cika biyan abin da ya ƙone ba. Shi ya sa a daren da ake tsoro sukan kwana a gona suna kunna manyan kyandirori tsakanin layuka, waɗansu kuma su tayar da injin fanka don ya gauraya iska mai ɗumi ta sama da mai sanyi ta ƙasa.