Burodin Ayaba Ba Fulawa

'Yar ɗakinmu ta shekara biyu rabonta da burodi. Likita ya ce cutar siliyak gare ta: gulutin, wani sinadari da ke cikin alkama da sha'ir, yana lalata mata hanji. Kowa na karyawa da shayi da burodi, ita sai ido. Shi ya sa da hutu na zauna a gida na koyi wannan.

Gulutin ne ke ba kwaɓin fulawa danƙo. Shinkafa, gero, dawa da acca duk ba su da shi, don haka burodinsu kan marmashe. Ayaba da ƙwai ne za su riƙe shi.

Ku dame ayaba 3 da suka nuna luguf, irin waɗanda bayansu ya fara baƙi. Ku fasa ƙwai 2, ku zuba sukari rabin kofi da man gyaɗa rubu'in kofi. Sai garin shinkafa mai laushi kofi ɗaya da rabi, bekin foda ƙaramin cokali 2 da ɗan gishiri. A juya, a zuba a gwangwanin da aka shafa wa mai, a gasa kamar minti 45 a zafi 180. Babu oben? Tukunya da yashi a ƙasa, wuta kaɗan-kaɗan. A soka tsinke. In ya fito a bushe, ya gasu. Kar a yanka sai ya huce.

Amma fa a kula da inji. In an niƙa alkama a cikinsa, ɗan ragowar nan ma ya isa ya tayar wa mai siliyak da ciwo.