Babban Babur da Ƙaramin Babur

A nan Tirkaniya, kudu da Kogin Kaduna, duk mun san babur ɗin Bajaj. Na mutanen Indiya ne. Injinsa ƙarami ne, ba ya shan mai da yawa.

Amma a can Indiya akwai wani babba, sunansa Bullet. Injinsa ya ninka na wannan sau uku. Mutanen Ingila suka fara ƙera shi. A shekarar 1955 aka kafa kamfanin haɗa shi a birnin Madras. Sojan Indiya suka hau, ya zama abin gado. Uba ya hau, ɗa ya hau.

Me ya sa suke sayensa? Waɗansu don rugugin injinsa da kwarjininsa, kamar ingarman doki a wurinmu. Waɗansu kuwa don yana jure doguwar tafiya da hawan dutse. Amma yana da tsada, da nauyi, da shan mai. Akwai kuma sababbin babura da suka fi shi gudu.

To, jama'a, in za mu sayi babur, mu dubi aikin da zai yi mana, mu dubi aljihunmu. Kada mu ci bashi don a gan mu. Daidai ruwa, daidai tsaki.