Windows 11: Matakan da za a bi idan kwamfuta ta maƙale wajen tashi bayan sabuntawa

Tun daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina bai wa babbar manhajar Windows 10 gyare-gyaren tsaro kyauta, lamarin da ya sa ofisoshi, makarantu da shagunan buga takardu ke komawa Windows 11. Sai dai wasu kwamfutocin kan tsaya cak a tsakiyar aikin: tambarin kamfani ya tsaya a fuska, ɗigo-ɗigo su yi ta zagayawa, ko na'urar ta riƙa mutuwa tana tashi ba iyaka.

A mafi yawan lokuta takardu da hotunan da ke ciki suna nan lafiya. Abin da ya fi salwantar da su shi ne garajen kai na'urar a goge ta baki ɗaya, wanda masu gyara ke kira fomatin, kafin a gano musabbabin matsalar.

Ba kowane jinkiri ne maƙalewa ba. Ɗora sabuwar manhaja kan sa kwamfuta ta sake tashi sau da dama, kuma a tsofaffin na'urori masu rumbun ajiya mai faifai, lambar da ke nuna ci gaban aikin tana iya tsayawa wuri guda na tsawon lokaci. Muddin fitilar rumbun tana ƙiftawa, aiki na tafiya, don haka ya kyautu a ba ta sa'o'i biyu zuwa uku. Katse wuta a wannan gaɓa na iya lalata fayilolin tashi, abin da ya sa bai dace a fara aikin a kwamfutar tebur ba sai da UPS ko inbata, musamman inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Ta tafi-da-gidanka kuwa a cika batirinta, a bar ta a jone.

Idan ta tabbata na'urar ta tsaya, a fara da cire duk abin da aka maƙala mata, kamar filash, firinta, modem da katin ajiya, sannan a sake kunna ta. Sau da yawa laifin na direba ne, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da wani sashe na na'ura. Lambar kuskure da ta fara da 0xC1900101 galibi a kan direba take nuni, yayin da 0x80070070 ke nufin babu isasshen wuri a rumbun ajiya.

In hakan bai yi ba, sai a shiga zauren gyara da ke cikin Windows. Ana danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 10 har na'urar ta mutu, a kunna, da tambari ya bayyana a sake kashewa. Bayan an yi haka sau biyu, a karo na uku a ƙyale ta, za ta buɗe shuɗin shafi. Daga nan a zaɓi “Troubleshoot”, sai “Advanced options”. A can akwai zaɓin gyaran tashi, da na cire sabuntawar ƙarshe, da kuma “Startup Settings”, inda danna lamba 4 ke tayar da Windows da mafi ƙarancin direbobi. Idan ta tashi a wannan yanayi, alama ce mai ƙarfi cewa wani direba ko wata manhaja ce ke riƙe ta, kuma waɗanda aka fi zargi su ne direban hoto da manhajar kariya daga kutse wadda ba ta Microsoft ba.

Akwai kuma matsalar da mai kwamfuta ke jawowa da hannunsa. Windows 11 tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, da tsarin tashi na UEFI, da ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 4, da rumbu mai gigabait 64. Domin cika sharaɗin, wasu kan shiga BIOS su sauya tsarin tashi daga tsohon salo zuwa UEFI. To amma idan an tsara rumbun da salon MBR, na'urar ba za ta ƙara ganin Windows ba, sai ta ce babu abin tashi. Babu abin da ya goge. Mayar da saitin yadda yake yana warware matsalar, daga baya a yi amfani da manhajar MBR2GPT a sauya rumbun kafin a sake gwadawa. Wannan ya fi shafar kwamfutocin tokumbo, waɗanda da yawansu ƙwaƙwalwar sarrafawarsu ta girmi zubi na 8 na Intel, inda jerin da Microsoft ya amince da shi ya fara. Ana iya tilasta musu Windows 11 ta bayan fage, amma kamfanin ya ce bai lamunce musu samun sabuntawa ba.

Taɓa BIOS na iya sa BitLocker, tsarin da ke kulle bayanan rumbu, ya nemi mabuɗi mai lambobi 48. Yawanci yana ajiye a asusun Microsoft na wanda ya fara saita na'urar, ko a wurin sashen fasaha idan ta ofis ce. Microsoft ba ya iya ƙirƙiro wani idan ya ɓace. Wanda ya sayi na hannu, ko aka saita masa a shago da asusun wani, ya nemo mabuɗin tun kafin ya taɓa komai.

Windows kan adana tsohuwar manhajar a jakar Windows.old, kuma damar komawa gare ta kwana 10 ce kacal bayan sabuntawa, sannan ta goge da kanta. Share jakar don neman wuri na rufe wannan ƙofa nan take. Idan duk hanyoyin sun ci tura, mai gyara na iya tayar da na'urar daga filash ko ya cire rumbun ya kwafe bayanan, kuma ya kamata mai ita ya ga takardunsa a wani rumbun da idonsa kafin ya amince a yi fomatin.