Kufan Zungeru da Burmi: Tarihin Wa Muke Bari Ya Lalace?

Duk lokacin da aka tayar da zancen gyara gine-ginen zamanin Turawa, sai ka ji wasu suna cewa, "Me ya haɗa mu da kayan Nasara?" A ganinsu, wanda ya je ziyarar irin waɗannan wurare ɗaukaka 'yan mulkin mallaka yake yi. Wannan fahimta ce ta sa muke zura ido shaidar abin da ya sami kakanninmu tana rugujewa.

A ɗauki Burmi, kusa da Bajoga a Jihar Gombe. Nan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya tsaya da jama'arsa bayan faɗuwar Sakkwato a watan Maris na 1903, suna kan hanyar hijira zuwa gabas. A karon farko, cikin watan Mayu, an kori sojojin Ingila. Ranar 27 ga Yuli aka sake gwabzawa, Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutane, aka kuma kashe Manjo Mash, jagoran rundunar Turawa. Kaburburan mutanen biyu suna nan a filin, gonaki kewaye da su. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya wuce da sauran jama'a zuwa Sudan, inda zuriyarsu take har yau. To, wannan fili tarihin Bature ne ko namu?

Haka Zungeru, wadda Hausawa ke kira Dungurum. Ita ce hedikwatar Arewa tun daga 1902, kafin a koma Kaduna a 1917. A can aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904. Yau ginshiƙan tsofaffin ofisoshi ne kawai ke tsaye cikin ciyawa, gadar ƙafa ta Gwamna Lugga kuwa tuni aka ɗauke ta zuwa lambun Gamji a Kaduna. A Lakwaja ma akwai kaburburan sarakunan da Turawa suka tuɓe, ciki har da Sarkin Kano Alu da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi.

Mutumin da aka ƙwace wa gona ba ya yaga takardun shari'a don yana jin haushin wanda ya zalunce shi. Adana su yake yi, domin 'ya'yansa su san yadda aka yi. Matsayin waɗannan kufai ke nan.

Idan ka je, fara gaida dagaci, ka nemi dattijon da ya gaji labarin wurin, ka sallame shi da alheri. Kada ka ɓamɓari bulo, kada ka rubuta sunanka a bango.

Hukumomi kuma su rage jiran ranar biki. Allon bayani da Hausa, shinge, da mai gadi da ake biya a kan kari ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Makarantun da ke kusa su riƙa kai ɗalibai, domin yaron da ya tsaya a Burmi ba zai yarda cewa kakanninsa sun miƙa wuya ba tare da turjiya ba.