Kafin Ka Rataya Hoton Makaɗan Kyuba a Falonka

Hotunan makaɗan ƙasar Kyuba sun zama abin yayi wajen ƙawata falo da otal da gidan cin abinci. Kusan duk kamanninsu ɗaya: tsoho da malafa, rungume da gita a ƙofar wani gida mai kwayayyen fenti a birnin Habana, ga tsohuwar motar Amurka ta shekarun 1950 a gefe. A wanke hoton, a sa a firam, a tsawwala kuɗi. Abin takaicin shi ne ka ji maigida yana nuna wa baƙonsa yana cewa, "Ai kiɗan Turawan Sifaniya ne." Haba malam!

Maganar nan rabin gaskiya ce, rabin da aka zubar kuwa na Afirka ne. Kiɗan da ake kira son ya taso ne a gabashin tsibirin Kyuba. Gita da harshen waƙar daga Sifaniya suke, amma ganguna da salon mawaƙi ya ba da waƙa 'yan amshi su karɓa gadon bayin da aka kwasa daga nahiyarmu ne, kuma ba a soke bauta a Kyuba ba sai 1886. Gangunan bata guda uku, masu tsukakken ciki kamar kalangu, na Yarabawa ne, har yau kuma da ragowar Yarabanci ake rera waƙoƙin da ke tafiya da su. Ƙungiyar Abakuwa da aka kafa a garin Regla a 1836 ta samo tushe daga ƙungiyar Ekpe ta yankin Kalaba. Rumba kuwa, wadda UNESCO ta sa cikin kayan gadon al'adun duniya a 2016, a unguwannin talakawa baƙaƙe na Habana da Matanzas ta girma, da ganga da murya da rawa. To ina Baturen a nan?

Tsohon mai malafa ya mamaye kasuwar hoto ne saboda faifan Buena Vista Social Club, wanda aka ɗauka a Habana a 1996, fim ɗinsa ya biyo baya a 1999. Duniya ta ga dattawa irin su Compay Segundo da Ibrahim Ferrer, masu yawon buɗe ido suka bazama da kyamara suna neman masu kama da su. Asalin shirin faifan ma da makaɗan Mali aka tsara shi, ba su samu isa Habana ba ne.

Don haka in za ka saya, saya da sani. Tambayi sunan mai ɗaukar hoton da garin da ya ɗauka. In mai sayarwa ya kama kame-kame, mai yiwuwa daga intanet ya sauke ya buga, wannan kuwa cin gumin wani ne, ko da firam ɗin na zinariya ne. Duba kayan kiɗan da kyau: in tsirkiyoyin gitar an jera su bibbiyu kashi uku, tres ne, shi ne ainihin abin kiɗan son. Kar ka tsaya kan mai gita kaɗai, nemi na masu ganga da masu rawa, irin waɗanda ke taruwa ran Lahadi a lungun Hamel na Habana.

Bayan ka saya, kada ka rataya shi inda rana ke bugawa, launinsa zai koɗe. Ka sa mai firam ya saka kwali tsakanin hoton da gilashi, don da damina laima kan sa su manne, ya kuma liƙe bayansa sosai saboda ƙurar hunturu. In za a goge, a jiƙa tsumma kaɗan, kar a fesa ruwa kan gilashin. Sannan ka rubuta sunan garin da na kiɗan a bayan firam ɗin, don yaran gidan su san abin da za su gaya wa baƙo.